Zaren Wutsiyar Babban Biri

Litinin, 22 ga Yuli

Zan rubuta abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama da ke kirana daga Xiamen ran Lahadi. Ina taɓa Babban Biri. Ba mutum-mutuminsa na ɗakin bauta ba, namu na cikin akwati, 'yar tsana mai zare da Kaka yake wasa da ita ran biki. In Kaka ya ci abincin rana ya miƙe a kujerar gora ya soma minshari, sai in shige ɗakin kaya, in zuba wa Biri giyar shinkafa a murfin kwalba yadda na ga ana yi, in yaye jan ƙyallen fuskarsa, in ɗaga shi. Na iya sa shi tafiya. Na iya sa shi sosa ƙeya, ya waiwaya, ya saci gyaɗa a faranti. Mace ba ta taɓa zarensa, haka aka ce tun kakan kakan Kaka. To ga shi tun bara waccan nake taɓawa, hannuna bai shanye ba, gashina bai zube ba. Ƙurajen fuska dai, su kuwa kowa a ajinmu yana da su.

Ba ma wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Baffa Dehai ne. Tun da aka ba shi shugabancin kwamitin ɗakin bauta yake tafiya kamar wanda ya haɗiyi muciya. Ya zo yau da hoton wani allo a wayarsa, za a kafa a bakin hanya: NAN AKA HAIFI BABBAN BIRI. Wai baƙi za su zo bikin bana da motoci, har da masu ɗaukar hoto na gunduma. Sai ya ce wa Kaka, cikin ladabin nan nasa mai kama da zagi, a ɗan gyara wasan. A cire satar gyaɗa, a cire wurin yarinyar. A nuna Biri ya fashe daga cikin dutsen samanmu da haske, kamar yadda kowa ya sani a talabijin.

Kaka ya ci gaba da hura shayinsa. Ni ce na so in ce wani abu. Ina tsaye da buta a hannu, sai kawai na ƙara wa Baffa shayi. Kullum haka.

Laraba, 24 ga Yuli

An yi baƙo. Ɗalibi ne daga jami'a, sunansa Yiming, malaminsa ya turo shi ya tattara labaran Biri. A makarantarmu aka sauke shi tun da ana hutu. Dogo, da tabarau, yana naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu daidai irin likitan cikin littafin da nake karantawa, wanda ba ya murmushi sai a babi na tara.

Ya tambaye ni hanyar gidan mai wasan 'yan tsana. Gidanmu ke nan. Na nuna masa da yatsa, na juya na bi ta bayan gonar dankali, na shiga ta ƙofar baya. Da ya iso ya same ni ina wanke kofuna. Ko ya gane ni ce, oho. In ƙasa tana tsagewa da yau na shige.

Asabar, 27 ga Yuli

Yiming ya aje na'urar ɗaukar murya a kan teburinmu, Kaka ya ba shi labarin daga tushe. Na ji shi ya fi a ƙirga, amma yau na zauna bayan labule da littafina a buɗe, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Yadda Kaka yake faɗa, babu wani dutse da ya fashe. Biri ne kawai, ƙato mai farar gira, ya sauko daga dajin gora shekarar da aka yi yunwa. Ya tone gyaɗa, ya shanye giyar biki, ya sace hular mai gari ya sa ya zauna a kan rufi yana kwaikwayon tafiyarsa. Aka ɗana tarko, da safe aka tarar da surukin mai gari a ciki. Aka saki karnuka, suka dawo da wutsiyoyinsu a ƙulle da juna. Maza suka gaji. Sai wata yarinya masaƙiya ta bar ƙwallon zare a bakin taga ta ɗaure bakinsa a masaƙarta. Ya sata ya gudu, ya hau nan ya tsallake can, har ya nannaɗe kansa hannu da ƙafa da wutsiya. Ta riƙa jan zaren daga ɗakinta, yana rawa ba don yana so ba, har tsakiyar gari. Ya roƙe ta, ta sake shi, da sharaɗin a ciyar da shi rana ɗaya a shekara shi kuma ya bar gonaki. Da zai tafi ya rantse mace ba za ta ƙara sa masa zare ba. Maza suka gina masa ɗaki suka ce ai su suka sasanta da shi.

Yiming ya yi dariya sosai. Yana da ɗan giɓi a haƙora. Sai ya ce malaminsa yana ganin Biri ta teku ya shigo, daga Indiya, a bakin fatake da suke sauka Quanzhou. Wasu kuma sun ce dodon ruwa ne da aka ɗaure a ƙarƙashin wani dutse can arewa. Ya ce kowane ƙauye a wannan tsauni yana cewa nasu ne.

Kaka ya ce, "To ai ɓarawo ne, ɗana. Ka taɓa jin ɓarawo ya faɗi garinsu?"

Na yi dariya bayan labule har littafin ya faɗi. Suka yi shiru. Ni ma na yi shiru, kamar hakan zai mayar da littafin hannuna.

Lahadi, 28 ga Yuli

Mama ta kira. Ta tambayi karatu da ko ina cin abinci. Na ce lafiya lau. Wace lafiya.

Talata, 30 ga Yuli

Na tsani yau.

An yi gwaji a farfajiyar ɗakin bauta, kwamiti duk suna zaune da mafitai. Kaka ya hau bayan labulen wasa. Na daɗe da sanin hannunsa na hagu yana rawa, ni ce nake share shayin da ke zuba. Ya yi wurin hula lafiya, ya yi wurin karnuka, yara suna ta ƙyaƙyatawa. Da aka zo wurin da Biri zai yi tsalle ya nannaɗe, sandar zaren ta kuɓuce masa. Biri ya faɗi da fuska a ƙasa. Na ji ƙarar katakon har cikin haƙorana.

Ba wanda ya yi dariya, gara ma a ce an yi. Inna Ganmei mai kula da ɗakin bauta ta ruga ta rufe fuskarsa da ƙyalle. Sai Baffa Dehai ya tashi ya dafa kafaɗar Kaka a gaban mutane, ya ce Baba ka yi mana hidima, yanzu lokacin hutu ne, dama akwai 'yan wasa na birni da ya yi magana da su, suna da fitilu da lasifika. Dama! Ashe ya riga ya gama magana, faɗuwar kawai yake jira. Na ga fuskarsa lokacin da Biri ya faɗi. Na rantse sai da ya gyara zama.

Ni na ɗauko akwatin zuwa gida, akwatin dai an yarda mace ta ɗauka. Kaka yana gaba, hannun hagu a aljihu. Ya ce da Ge ɗinki yana nan da ba a yi haka ba. Yayana ke nan, wanda ya bi Mama Xiamen, wanda ko ƙafar Biri bai taɓa iya ɗagawa ba sai ya harɗe zare. Shi ake kewa. Ni ina bayansa da akwati yana cin kafaɗata.

Alhamis, 1 ga Agusta

Ɗaya ga watan bakwai a lissafin wata, sai kwamiti ya je neman yardar Biri a kan 'yan wasan birni, don ba a canza komai na biki sai an tambaye shi. Na bi Inna Ganmei da sunan taya ta shara.

Baffa ya kunna turare ya ɗauki itatuwan amsa, guda biyun nan na saiwar gora masu siffar jinjirin wata. Kowa ya san ƙa'ida: ɗaya a kife ɗaya a buɗe, ya yarda. Duka a kife, ya ƙi. Duka a buɗe, dariya yake yi maka. Baffa ya tambaya ko a kawo na birni, ya jefa. Dariya. Ya sake. Dariya. Ya share gumi ya ce wa mutane kun gani, murna yake yi. Wani tsoho a baya ya yi tari irin na gangan. Sai Baffa ya sauya tambaya, ya ce ko Mai Girma yana son bikinsa ya yi armashi? Ya jefa, aka samu eh. Ya tafa hannu ya ce magana ta ƙare.

Wa zai ce ba ya son bikinsa ya yi armashi? Ko akuya aka tambaya.

Da suka watse Inna Ganmei tana kwashe tokar turare tana ƙunƙuni, wai yaron nan tun yana ƙarami in ya faɗi a caca sai ya ce ba a soma ba. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko shi ke nan. Ta ce ba shi ke nan ba, ran sha huɗu ga wata ana buɗe ƙofa, duk ɗan gari yana iya kawo tambayarsa. A rubuta a jan takarda da suna, a ba ta, ita ta karanta da ƙarfi a gaban jama'a, mai tambaya ya durƙusa ya jefa da hannunsa. Abin da ya fito ko kwamiti ba ya tayarwa. Na ce ko mace? Ta dube ni ta ce, "Ni da nake karantawa namiji ce?"

A gaban jama'a. Da ƙarfi. Ni da malami in ya kira sunana a aji sai kunnena ya toshe.

Asabar, 3 ga Agusta

Na sayi jan takarda falle biyu a shagon Gurgu. Ban san me ya sa ba. Na dai san me na yi da falle ɗaya: na rubuta wa Yiming wasiƙa. Na ce idanunsa kamar tafki bayan ruwan sama. Daga littafi na ɗauko, amma na canza tafkin. Tana ƙarƙashin katifa.

Litinin, 5 ga Agusta

Ba zan ƙara karanta littafin soyayya ba har in mutu. Maƙaryata.

Na haɗu da shi a bakin gada, ya tsayar da ni. Ya ce, "Ƙanwata, tuna min sunanki." Ƙanwata! Kuma sau biyu ke nan ina gaya masa. Na ce Sulan, a hankali har sai da ya sunkuyo. Sai ya ce yana da albishir: shi da Baffa sun shirya, bayan biki za a sa 'yar tsanar Kaka a akwatin gilashi a sabon zauren baƙi, da rubutu a ƙasa da hoton Kaka. Wai katakon ya tsufa, bai kamata a ci gaba da wasa da shi ba. Wai ya ji daɗi da ya samu ya ɗauki muryar Kaka kafin abin ya ɓace.

Kafin ya ɓace. Kaka yana gida yana cin awara da kunun shinkafa, ana maganarsa kamar an kai shi tsauni an binne. Kuma da fara'a ya faɗa, yana jiran in yi godiya. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san inda zan aje shi.

Za su yanke zaren ne ko za su rataye shi a tsaye? Ban tambaya ba. Na ce to. TO na ce. Na dawo gida na cusa wasiƙar a murhu, na tsaya har ta cinye. Idanu kamar tafki. Tafkin kwaɗi.

Talata, 6 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ban shiga ɗakin kaya ba. Haushin kowa nake ji, har da Birin. Shi da ya ƙulle wutsiyar karnuka, yau Baffa Dehai ya gagare shi, sai dariya.

Juma'a, 9 ga Agusta

An kama ni.

Na shiga da rana kamar kullum, na ce bari in yi wurin da ya faɗi ko sau ɗaya kafin a kulle shi a gilashi. Tsallen, juyin, nannaɗewar, sannan rawar dole zuwa tsakiyar gari. Na yi. Bai faɗi ba. Na sake yi. Da na juyo, Kaka yana tsaye a bakin ƙofa babu takalmi.

Na soma cewa ƙura nake kaɗe masa. Ya ce in rufa wa kaina asiri. Wai tun bara waccan yake ganin giyarsa tana raguwa, ya ɗauka tsufa ne, sai ya ga wani ɓarawo ya rage tsawon zaren wutsiya don hannunsa bai kai ba. Wai akwai wanda yake minshari da ido ɗaya a buɗe, ban sani ba?

Ashe ya sani. Duk wannan lokacin. Nan fa abin ya taso min, ban san daga ina ba. Na ce ka sani, ka bari ya faɗi a gaban mutane? Ka sani, kake cewa da Ge yana nan? Ban taɓa ɗaga wa Kaka murya ba. Muryar ma ba tawa ba ce, irin ta Mama ce in tana faɗa da Baba. Ya ce in yi masa magana da ladabi, ja'ira, ba sa'ana ba ne. Ya ce ubansa ya mari ƙanwar shi Kaka don kawai ta gyara wa Biri riga, shi kuma yana kallo, bai ce komai ba. Ya ce doka ba tasa ba ce da zai ɗage ta, Biri ne ya rantse.

Na ce ai a labarinka mace ce ta fara riƙe zaren. Duk abin da kake yi a bayan labule, aikinta kake yi. Ku maza kuka karɓe kuka ce ya rantse, wa ya ji shi?

Hannun hagun yana ta rawa a gefen wandonsa, bai ɓoye shi ba.

"Ni ba zan ce ki riƙe ba, ba zan ce ki aje ba," in ji shi. "Mai wutsiyar yana can ƙasan gari. In kina da baki, je ki tambaye shi."

Ya juya. Daga tsakar gida ya ɗaga murya ya ce gwiwar hannuna tana sauka in an zo juyi, in gyara, kamar mai kaɗa miya.

Na yi kuka, amma na haushi ne.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ba ma magana sosai. Amma yau bai kwanta da rana ba. Ya jawo kujerarsa kusa da ƙofar ɗakin kaya ya ba ta baya, yana ɓare gyaɗa, yana kaɗa ƙafa daidai da kiɗan wasan. In na yi sauri sai ƙafar ta tsaya. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Wai shi bai ga komai ba.

An kafa allon a bakin hanya. Sun zana Biri da sulke na zinariya, fuska kamar ɗan fim. Namu kunnensa ɗaya a gutsure yake.

Mama ta kira, na kusa gaya mata. Na ce ana ruwa.

Talata, 13 ga Agusta

Gobe ake buɗe ƙofa. Na rubuta a fallen da ya rage. Sai da na gwada a bayan littafin lissafi har shafi ya cika, don na ga yadda aka yi da Baffa, ba zan ba shi ƙofar dariya ba. Na fara da kalmomi masu daɗi irin na littattafai, na soke su duka. Abin da ya saura: Ni Rao Sulan, jikar mai wasa, ina tambaya ko ka yarda in riƙe zarenka ran biki, sha bakwai ga wata, a yi wasanka yadda yake, da gyaɗa da yarinya. Ko baƙi ɗaya ban ƙara ba.

Zai iya ƙi. Duka biyun su faɗi a kife, a gaban Baffa da matan bakin rafi da 'yan ajinmu, a yi ta ba da labarina har in tsufa, shi kuma ya tafi gilashi. Zai iya yin dariya, wannan ma na fi tsoro. Kuma tun kafin a jefa, da an karanta kowa ya san na taɓa shi. Hannuna yana gumi har jan takardar ya fito min a yatsu.

Har yanzu ina jin haushi, kada wani ya ɗauka na huce. Baffa, Ge, Kaka ma ban gama da shi ba.

Yiming ya wuce ta ƙofar gida ɗazu ya ce sannu ƙanwata. Sai bayan ya yi nisa na tuna ban duba hannun rigarsa ba. Littafin likitan nan kuma na sa shi ƙarƙashin ƙafar akwati don ya daina girgiɗi, ban san ko ya aure ta ba. Wataƙila ya aure ta. Kullum suna aurensu.

Inna Ganmei tana rufe ɗakin bauta kafin faɗuwar rana. Kaka ya aje min takalmina a bakin ƙofa, ya juya su suna kallon waje, ya koma ya zauna yana hura shayi kamar ba shi ba.

Bari in kai mata kafin yatsuna su cinye jan.